Matse fim da kyan hoto a idon mai kallo

Matse fim shi ne rage nauyin bidiyo domin ya shiga memori ko waya ba tare da ya cinye wuri ba. Aiki ne da masu turin finafinai ke yi kullum a shagunan caji da turi, daga Bichi da Wudil har Gumel da Maigatari, musamman ranar kasuwa da mutanen ƙauye ke shigowa kowa da memorinsa yana son a cika masa.

Fim dai hotuna ne a jere, 24 ko 25 a kowace daƙiƙa. Wanda ake cewa 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance 1080 a tsaye, wato sama da miliyan 2 a hoto guda, in aka bar shi ɗanye hoto ɗaya ya kai mega 6, kaga fim mai awa 2 sai ya haura giga 1000. Saboda haka duk fim ɗin da ka taɓa kalla a waya ko a faifai matsattse ne tun asali.

Yadda ake matsewa

Manhajar matsewa tana zubar da abin da take ganin ido ba zai lura da shi ba. Idon mutum ya fi kula da haske da duhu a kan launi, shi ya sa ake rage bayanin launi zuwa kashi ɗaya cikin huɗu kuma ba mai ganewa. Sannan ba kowane hoto ake ajiyewa cikakke ba, ana ajiye guda ɗaya ne sai na bayansa a rubuta abin da ya canza kawai, in mutum biyu na zaune a ɗaki suna hira bangon bayansu ba ya motsi, to ba sai an yi ta maimaita shi ba. Abin kamar tankaɗe ne, dusar da aka fitar ba ta komawa cikin gari.

Faifan VCD na da yana amfani da tsarin matsi mai suna MPEG-1, ɗigonsa 352 da 288 kacal, DVD kuma MPEG-2 mai 720 da 576. A 2003 aka fito da sabon tsarin matsi H.264 wanda har yau shi ne a cikin yawancin MP4 da ake turawa, sai H.265 a 2013 da ke iya ba da kusan kyau iri ɗaya da kamar rabin nauyi, sai AV1 a 2018.

Inda ɓarna ke fitowa

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, kuma abin yana damuna, don ana sayar wa mutum lamba ne ba kyau ba. Sai a ce maka fim 1080p ne alhali nauyinsa mega 300, to ɗigo miliyan 2 ne ke rabon ɗan bayanin da bai ishe su ba, da an sauko da shi 480p mai ɗigo kusan dubu 410 da kowane ɗigo ya samu ninki biyar, hoton ya fito garau a waya. Wajen hira a zaune ba za ka ga matsala ba, amma bari a zo wajen rawa ko gudun mota ko ruwan sama sai kaga hoton ya farfashe gida-gida, zanen atamfa da aikin wuyan babbar riga su cakuɗe, fuska ta yi sumul kamar an goge ta. Wajen dare ya fi muni, duhu ya riƙa fitowa layi-layi, fuskar mai duhun fata ta ɓace a ciki in dama ba a haska ta sosai ba lokacin ɗauka.

Girman allo da nisan mai kallo suna da nasu. Fim ɗin da ya fito tar a waya mai inci 6, in aka jona shi a talabijin inci 43 ta gidan kallo duk aibinsa sai ya bayyana, na bencin gaba su fi kowa gani. Masana suna da ma'aunai na auna kyan hoton da aka matse irin su PSNR da SSIM na 2004 da VMAF da kamfanin Netflix ya fitar a 2016, kuma su ma da ra'ayin mutanen da aka zaunar suka kalla ake gwada ingancinsu.

Babbar ɓarna ita ce matsi kan matsi. Turi ta Xender ko Bluetooth ko kwafi daga kwamfuta ba ya rage komai ko sau ɗari aka yi, amma in aka sake sarrafa fim, ko aka tura shi a WhatsApp a matsayin bidiyo ba fayil ba, an sake matse shi ke nan, kuma mayar da 360p zuwa 1080p nauyi kawai yake ƙarawa.

A aikace

Mai kwamfuta zai iya amfani da manhajar matsewa mai suna HandBrake, kyauta ce. A H.264 akwai lambar CRF mai saita ƙarfin matsi daga 0 zuwa 51, ƙaramar lamba kyau da nauyi, babba sauƙi da dishi-dishi, yawanci ana tsayawa tsakanin 18 da 24, kuma ƙarin 6 yana rage kusan rabin nauyi. Ya kamata a fara daga kwafi mafi kyau da aka samu, a yanki minti ɗaya mai duhu da motsi a gwada shi a kan irin wayar da za a kalla kafin a matse duka. H.265 kuwa a tambayi mai waya tukuna, tsofaffin wayoyi da ƙananan masu madannai da dama ba sa buɗe shi, wasu murya za su kawo ba hoto, ga shi yana ɗaukar lokaci wajen matsewa, wanda mai aiki da sola ko janareta dole ya sa a lissafi.