Waiwaye: Yadda sumo ya bar janareta ya koma kan sola

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, ake ta kai ruwa rana a kan famfon sola. Manoman rani da masu gidajen ruwan leda suna cewa shi ne mafita, wasu kuma suna nuna rijiyoyin burtsatse da aka ƙawata da faifan sola, ga tanki ga famfo, amma ko ɗigo babu. Lamarin ya girmi tsadar mai nesa ba kusa ba.

Sumo, wato famfon da ake zurawa cikin rijiya da motarsa (injin lantarkin da ke juya shi), a rijiyoyin man Amurka aka fara amfani da shi wajen ƙarshen shekarun 1920. Haɗa shi da hasken rana kuwa, Sahel na cikin wuraren farko: a ƙarshen shekarun 1970 shirin Mali Aqua Viva na Fada Bernard Verspieren ya kafa famfunan sola a ƙauyukan Mali. A Arewacin Najeriya ƙaramin injin fetur ne ya kori jigo daga fadamu, musamman bayan shirin Fadama na farko a farkon shekarun 1990. A lokacin faifan sola kayan hukumomi ne da ƙungiyoyin agaji, sai da farashinsa ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020.

Kowa ya san wannan faɗuwar farashi. Abin da ba a cika ambata ba shi ne akwatin nan da ake kafewa a bango, inbatar famfo. Asalinta kayan masana'antu ce, an yi ta ne don a rage ko a ƙara gudun motar famfo maimakon a shaƙe ruwa da bawul. Da masu ƙera ta suka koya mata karɓar wutar faifan kai tsaye tana bin ƙarfin rana, sai kowane sumo mai layi uku na kasuwa ya zama na sola, ba batir, ba mota ta musamman. Daga nan zaɓen famfo ya fita daga hannun masu ilimin ruwan ƙasa ya koma shagon kayan wuta.

Ga inda gizo ke saƙar. Famfo mai farfela, irin yawancin sumon kasuwa, yana da ƙa'idar da ba ta canzawa. Idan gudunsa ya ragu da kashi 20 cikin 100, wato fuskar inbata ta nuna 40 maimakon 50, wutar da yake ci takan sauko kusan rabi, abin da masana'antu ke nema ke nan. Amma tsayin da zai iya tura ruwa yakan koma kashi 64 cikin 100. Famfon da ke kai ruwa mita 100 a cikakken gudu, mita 64 kawai zai kai. In daga fuskar ruwa zuwa bakin tanki mita 70 ne, to da hantsi da la'asar motar tana juyawa, fitila kore tana ci, ruwa kuwa yana tsaye a cikin bututu. Ruwan da ke wucewa ta jikin motar shi ne ke sanyaya ta. Da ya tsaya sai naɗin waya ya ɗau zafi kullum har ya ƙone. Maganin kuwa saiti ne na minti biyar: a gano mafi ƙarancin gudun da ruwa ke fita, a sa inbata ta kashe kanta ƙasa da shi. Rijiya mai zurfi da ɗan ruwa ma ta fi dacewa da famfo mai murɗaɗɗen ƙarfe a cikin roba, domin shi yana tura ruwa sama ko da gudu kaɗan.

Sai lissafin faifai. Mota mai kilowat 2.2 tana son faifan kusan kilowat 3, saboda zafi da ƙurar hunturu suna cin wani kaso. Mai shago sai ya jera faifai 6 masu wat 550, ya ce an wuce. Wat ya kai, amma kowane faifai bolt 41 ko 42 yake bayarwa, shida sun tashi wajen 250, alhali motar bolt 380 tana buƙatar kusan 540 kafin ta yi cikakken gudu. Ko dai a ƙara faifan su kai 13 ko 14 a jere, ko a sayi motar bolt 220, wadda ita ma tana buƙatar kusan 310, wato faifai 8 a jere.

Babban abin da inbata ta kawar, a ganinmu, shi ne birkin da kuɗin mai ke takawa. Mai janareta yana kashewa da tanki ya cika. Sola kuwa daga fitowar rana har faɗuwarta take ja. A yankunan dutse irin na Kano, Katsina da Zariya, rijiyoyi da yawa ba sa wuce lita ɗaya a daƙiƙa, wato lita 3,600 a awa, saɓanin kwarin Chadi da na Sakkwato inda yashin ƙasa ke riƙe ruwa da yawa. A zura famfon lita 8,000 a awa cikin irin wannan rijiya, ruwa zai sauka har bakin famfo, ya shaƙi iska, ya jawo yashi, farfeloli su cinye. Da ma gwajin ruwa ne ke hana haka: a ja ruwa awa 24 ana auna saukarsa, sannan a zaɓi famfon da bai wuce kashi biyu cikin uku na abin da rijiyar ke bayarwa ba. Abin takaici, shi ake fara tsallakewa idan kuɗi ya gaza, tare da 'yar na'urar da ake ɗaurewa mita ɗaya ko biyu sama da famfo don ta yanke wuta in ruwa ya ja baya, da rigar bututu da ke tilasta wa ruwa bi ta jikin mota.

Sababbin famfuna suna zuwa da motar maganaɗisu mai ƙarancin cin wuta, wasu da layin waya da ke aiko da saƙo idan ruwa ya ƙafe ko wuta ta yi ƙasa. Su ma sai an ba su zurfin ruwa da yawansa kafin a saita su, kuma waɗannan lambobi biyu a takardar gwajin ruwa kaɗai ake samunsu.