Iskar guba ba harsashi ba ce, kada a kwanta ƙasa

A Sakkwato, ka tambayi kowa abin yi idan an kai hari, zai ce maka a kwanta rub da ciki ko a faɗa rami. Ga harsashi da bam, gaskiya ne. Ga iskar guba kuwa, gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Sinadarin kulorin, wanda ake tace ruwan famfo da shi, ya ninka iska nauyi sau biyu da rabi. Ƙasa-ƙasa yake bi kamar hazo, ya taru a kwalbati da duk wani kwari. A Halabja ta Iraƙi, ran 16 ga Maris 1988, an kai hari da wata iskar guba daban, ita ma mai nauyi, kuma mutane sun ruga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa kamar yadda suka saba lokacin ruwan bama-bamai. Gubar ta bi su can. Kusan mutum 5,000 suka rasu.

Najeriya ta shiga yarjejeniyar haramta makamai masu guba tun 1999, amma a ganina shirin kare jama'a bai kammala ba sai wannan bayani ya isa kunnen mai shayi a Tsohuwar Kasuwa: a nemi tudu ko bene, a nufi inda iska ke fitowa. Rigar da gubar ta taɓa a yanke ta, kada a cire ta ta kai, sannan a yi wanka da ruwa mai yawa.