Shin rediyo da waya ne ke zaɓar mana shugaba?

Duk kakar zaɓe sai ka ji ana musu a teburin mai shayi a Agege ko a rumfunan Mile 12: wai 'yan jarida ne suka kayar da wane, wai waya ce ta ɗaga wane. A jami'o'i akwai masana da wannan musun shi ne sana'arsu.

Mene ne ainihin aikin waɗannan masanan?

Bin sawun saƙon siyasa suke yi: wa ya faɗa, ta wace kafa, wa ya ji, me ya aikata bayan ya ji. Wasu su tara jaridun watanni su ƙirga sau nawa aka ambaci kowane ɗan takara. Wasu su bi masu zaɓe da tambayoyi. A nan kusa, Jami'ar Legas tana koyar da fannin sadarwa tun 1966.

Jarida ko rediyo na iya raba mutum da ɗan takararsa?

Da ƙyar. A zaɓen Amurka na 1940, Paul Lazarsfeld da abokan aikinsa sun ɗauki mutum 600 a gundumar Erie ta jihar Ohio, suka riƙa komawa wurinsu wata bayan wata har ranar zaɓe. Sun zaci za su ga farfaganda tana juya kawuna. Sai suka tarar 'yan ƙalilan ne suka sauya sheƙa, akasari labaran ƙara musu ƙarfin gwiwa suka yi a kan abin da dama suke so. Waɗanda suka sauya ɗin ma, da yawansu wani na kusa da su suka ambata, ba jarida ba.

Daga nan aka samo bayanin cewa saƙo zango biyu yake yi: daga kafar labarai zuwa wani da ake jin maganarsa, daga shi zuwa sauran jama'a. Bahaushen Legas ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a nan. Akwai dattijon da rediyonsa ke kunne tun shirin asuba, ya saurari BBC, ya murɗa zuwa DW, in an idar da sallar azahar shi ake zagayewa: "Alhaji, me ake ciki?" Abin da ya tace ya bayar, shi yaran shago za su ɗauka. Haka limami, haka shugaban 'yan kasuwa, haka fadar Sarkin Hausawa.

Ke nan kafafen labarai ba su da wani tasiri?

Suna da shi, ta wata ƙofar. A 1968 Maxwell McCombs da Donald Shaw sun tambayi mutum 100 da ba su tsai da ɗan takara ba a garin Chapel Hill na Amurka, wace matsala ce ta fi damun ƙasa. Jerin da suka bayar ya zo kusan daidai da jerin abubuwan da kafafen labarai suka fi yayatawa. Wato jarida ba ta riƙe maka hannu a rumfar zaɓe, amma ita ke zaɓen batun da za a wuni ana gardama a kai.

Sai dai ƙarfin nan yana raguwa a kan abin da mutum ya ji a jikinsa. Ƙarancin takardun naira a Fabrairun 2023 bai jira ɗan jarida ba, duk wanda ya tsaya layin POS ya sani. Batun tikitin Musulmi da Musulmi kuwa, da ba a yi ta nanata shi a kafafe da mumbari ba, da bai kai inda ya kai ba.

WhatsApp fa?

A kakar zaɓen 2019, wasu masana, ciki har da Nic Cheeseman da Idayat Hassan, sun yi nazari a jihohin Kano da Oyo. Sun ga ƙarya na yawo ta WhatsApp, ana kuma amfani da shi wajen ƙaryata ta. Abin da ya fi jan hankalina shi ne saƙon ba ya tsayawa a waya: mai waya ya karanta, ya faɗa a majalisa, gobe sojojin baka su hau rediyo da shi. Jita-jitar Jubril na Sudan, wai Buhari ya mutu an sa wani mai kama da shi a madadinsa, ta yi nisan da sai da Buhari da kansa ya musanta ta a Disamban 2018.

Me ya sa ƙuri'ar jin ra'ayi ke saɓa wa sakamako?

Saboda amsa waya daban, fita layi daban. Kafin zaɓen 2023 wasu ƙuri'un sun sa Peter Obi a gaba, ya zo na uku a ƙasa. Amma a Legas shi ya ci, 582,454, Tinubu na da 572,606. Masu rajista a jihar sun haura miliyan 7, waɗanda suka fito ba su kai ɗaya cikin biyar ba.

Hausawan Legas suna fitowa a irin wannan bincike?

A ganina ba yadda ya kamata ba. Mai ƙirga kanun jaridun Turanci ba zai ji saƙon murya na Hausa da ke zagaya wayoyin 'yan Alaba Rago ba, duk da cewa RFI Hausa daga Legas ɗin nan ta fara watsa shiri a 2007. Ga kuma masu katin zaɓen gida: jikinsu na Idi Araba, kunnensu na siyasar Kano ko Sakkwato, ana gobe zaɓe suna cikin mota. Ɗalibin da ke neman abin rubuta digiri, ya je tasha a makon zaɓe da littafin rubutunsa.