Wai su wa ake nufi da "masu buƙata ta musamman"?

Kwanan baya na ji wani ɗan siyasa a rediyo yana bugun ƙirji, wai ya raba wa "masu buƙata ta musamman" shinkafa da kekuna, har ya cusa zawarawa da tsofaffi cikin lissafin. In haka ne ai ni ma ina ciki, don mai gida na bi na kuɗin haya.

Kalmar ta ƙara cika gari bayan Shugaba Buhari ya sa hannu kan dokar hana nuna wa nakasassu wariya a Janairun 2019. An mai da ita sunan sakaya: ana jin nauyin cewa gurgu ko makaho, sai a lulluɓe su da ita.

Alhali daga harkar karatu ta fito. A 1978 kwamitin da Mary Warnock ta jagoranta a Birtaniya ya ce a daina rarraba yara da sunan lalurarsu, a tambayi abin da kowane yaro ke buƙata don ya koyi karatu. Kwamitin ya ƙiyasta cewa yaro ɗaya cikin biyar zai nemi irin wannan taimako a wani lokaci na karatunsa. Ke nan yaron da ke da ƙafa da ido garau amma haruffa na rikice masa yana ciki. Kuma cikin abubuwan da kwamitin ya ce a fifita akwai yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Nan ne abin ke ci mini tuwo a ƙwarya, don ba mai tuna jarirai. Ɗauki jaririn da shawara mai tsanani ta kama satin haihuwa, ko sanƙarau ya taɓa masa ji. Kwano ya faɗi a bayansa, bai ko zabura ba. Ya shekara biyu babu "Mama", kakarsa ta ce, "Ke dai bar shi, nauyin baki ne, haka ubansa ya yi." A Amurka ƙa'idar ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata ɗaya, a tabbatar da matsalar kafin wata uku, a fara aiki a kansa kafin wata shida, tun icce na ɗanye.

Wannan aikin sana'a ce guda, ana karanta ilimi na musamman a Jami'ar Bayero da Jami'ar Jos da kwalejin ilimi ta tarayya da ke Oyo. Malamar da ta ƙware a kan ƙananan yara a tabarma take zama da uwa, ta nuna mata yadda za ta sa yaron ya kalli fuskarta kafin ta yi magana, da alamar "ruwa" da hannu, ta rubuta abin da ya iya wannan watan. Ban taɓa jin an ambaci albashinta a wajen rabon shinkafa ba.