Yaro bai ci birbe ko bak ba: wace dama ta rage masa?

Ranar da aka karanta sakamakon birbe, jarabawar ƙarshen kwaleji, bara, ɗiyar maƙwabcina a unguwar Zariya ta dawo gida tana kuka, mayafinta a hannu. Ta tsaya cikin cunkoso a filin makaranta, shugaban alƙalan jarabawa ya gama jero sunayen waɗanda suka ci, ba ta ji nata ba, sai ta juya. Ba ta jira jeri na biyu ba. Bayan magariba wata ƙawarta ta shigo ta ce da uwar, "Inna, ai sunanta na cikin ƴan zagaye na biyu." Uwar ta ce, "Wane zagaye kuma, ɗiyata? Ba an ce ta faɗi ba?" A lokacin har uban ya fara maganar kai ta ƙauye wajen kakarta, tunda damina ta kama.

Babbar dokar da ta tsara ilimi a Nijar ita ce mai lamba 98-12 ta ranar 1 ga Yuni 1998, wadda malamai ke kira LOSEN. Ita ta shimfiɗa matakan karatu. Ƙa'idojin jarabawa kuwa suna cikin takardun da ma'aikatun ilimi ke fitarwa, sai kuma dokar cikin gida ta kowace makaranta. Ma'aunin dai ɗaya ne: maki bisa 20, kuma muwayen 10, wato matsakaicin maki, ita ce ƙofa.

Birbe, wato BEPC da ake yi a ƙarshen aji huɗu na kwaleji, da bak da ake yi a ƙarshen lise, matakin da ke bin kwaleji, duk rukuni biyu gare su, wato zagaye biyu. Wanda ya kai 10 a rukunin farko ya wuce kai tsaye. Wanda ya yi nisa da ita ya faɗi, sai baɗi. A tsakani akwai waɗanda suka kusa, su ake sake kira bayan ƴan kwanaki a gwada su. Wannan ba alfarma ba ce, ba a roƙo, ba a biyan kowa ko dala. Makin yaro ne ya saya masa. Duk wanda ya ce a kawo kuɗi zai sa sunan yaronku a ciki, ku riƙe kuɗinku. Amma idan aka kira yaro bai je ba, damar ta wuce, ba a ajiye ta. Shi ya sa nake roƙon iyaye: kada a ɗauke yaro daga gari, kada ya ba da kayensa, wato littattafan rubutunsa, aro, sai an rufe jarabawa gaba ɗaya.

Akwai abin da ke ruɗa mutane a lissafin. Darussa ba nauyinsu ɗaya ba. A bak, kowa da serinsa, wato fannin karatunsa: ɗan seri C lissafi da kimiyya suka fi masa nauyi, ɗan seri D ilimin halittu na da ƙarfi a wajensa, ɗan seri A kuwa Faransanci da falsafa. A ce darasi mai nauyi 4 ne: maki biyu da yaro ya ƙara a cikinsa sun zama takwas a jimla. Don haka kwanakin da ke tsakanin rukunin biyu ba na buɗe kowane littafi ba ne, a zauna da mushe, wato malami, a duba inda gyara zai fi tasiri.

Wanda ya faɗi sarai yana da hanya biyu. Ko ya maimaita aji, abin da yara ke ce wa dubule, ya sake shiga da sunan makarantarsa, ko ya shiga a matsayin mai zaman kansa, kandida libir. Taron malamai na ƙarshen shekara ne ke duba muwayen ya yanke ko yaro zai wuce, ko ya maimaita, ko a sallame shi, kuma a makarantun gwamnati ba a saba barin yaro ya zauna aji ɗaya sau uku ba. Mai zaman kansa shi zai haɗa takardunsa ya kai kafin a rufe rajista. A duba takardar haihuwa da kyau, harafi ɗaya ya bambanta a suna sai ya zama ciwon kai.

Gwajin aji kuma fa? A mafi yawan makarantu, wanda ya ƙi zuwa ba dalili sifiri ne. Wanda rashin lafiya ta hana shi, uba ya kai takardar likita da wuri, ya nemi a sake masa. A nemi dokar cikin gida a karanta tun Oktoba, ko a tambayi ƴan Kojes, kwamitin kula da makaranta.

Abin da ya fi damuna shi ne maganar shiri. Jarabawar gwaji da ake yi kafin ta gaske, egzaman bulan, an yi ta ne don a ga ramin kafin a faɗa. Sai ka ga yaro ya samu 6, an ninke takardar an sa ƙarƙashin katifa, ana cewa Allah zai kawo sauƙi. Na ga iyayen da ke tura yaron da bai kai ajin ƙarshe ba ya shiga birbe a matsayin mai zaman kansa, wai ya gwada sa'a. Na kuma ga wata makarantar kuɗi da ta ce wa masu rauni su shiga da kansu, don kada su ɓata mata ƙididdiga, bayan ta karɓi kuɗinsu shekara guda. Duka biyun zalunci ne a ganina. Yaron da ba ya iya karanta tambaya ya gane ta, ko sau nawa aka maimaita masa jarabawa, ba a taɓa inda ke masa ciwo ba. Idan zai yi dubule, a karɓo takardar makinsa, a kai wa malamin da ya san shi, a ce, "Mushe, nuna mana inda ya karye."

Ɗiyar maƙwabcin nawa dai ba a kai ta ƙauye ba. Ta kwana biyu kan tabarma da fitila da kayenta, ta je zagaye na biyu. Bana tana ajin farko na lise.