Waiwaye: Shaho, Yanyawa da Raguwar Tsuntsayen Gona

Daga 1970 zuwa yau, tsuntsayen gona a Birtaniya sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100, makwarwar can mai ruwan toka kuwa ta zube da fiye da kashi 90. Cikin waɗannan shekaru hankaki da shaho sun ƙaru. Duk wanda ya jera lissafin biyu zai ce an kama ɓarawo da kaya a hannu. Masu bincike sun shafe fiye da shekara 50 suna bin sawun zargin, kuma abin da suka tarar ya fi haka sarƙaƙiya.

A ƙarni na 19 babu ma gardama. Masu manyan filaye a Birtaniya na ɗaukar masu gadin daji, aikinsu harbi da ɗana tarko da sa guba ga duk mai farce ko lanƙwasasshen baki, don tsuntsayen farauta su yawaita. Haka jar shirwa ta ƙare a Ingila da Sukotland, sai 'yan ƙalilan a Wales, har aka sake dawo da ita a 1989. A 1946 wani masani Ba'amurke, Paul Errington, ya zo da akasin wannan fahimta. A ganinsa, akasarin abin da mafarauci, wato dabba ko tsuntsu mai kama wasu, ke ci rara ce, wadda ko an bar ta yunwa da sanyi za su ɗauke, domin abinci da mafaka ne ke yanke adadin da fili zai riƙe.

Sai maganin ƙwari ya yi gwajin da babu mai iya shiryawa. Daga ƙarshen shekarun 1950, DDT da ake fesawa da dieldrin da ake cuɗa iri da shi suka taru a jikin ƙaramin shahon da ke cin tsuntsaye, har ya ɓace daga yawancin gabashin Ingila. A 1967 wani masani, Derek Ratcliffe, ya nuna ɓawon ƙwansa ya yi sirara, yana fashewa a ƙarƙashin uwa. A dajin Wytham kusa da Oxford, inda ake ƙidayar ƙananan tsuntsaye duk shekara, tafiyar shahon ba ta sa masu sheƙa sun yi ambaliya ba, dawowarsa kuma ba ta rushe su ba. Bincike kan ƙidayar ƙasa baki ɗaya a 1998 da 2010 ya samu kusan haka ga mafi yawan ƙananan tsuntsaye. Dalili a fili yake: wasunsu kan yi kwanci biyu ko uku a shekara, kuma akasarin 'ya'yan dama ba sa kai baɗi.

Masu sheƙa a ƙasa su ne labarinsu ya sha bamban. Wani masani, Dick Potts, ya fara bin makwarwa a gonakin Sussex da ke kudancin Ingila a 1968, ya gano cewa a makonni biyu zuwa uku na farko 'yan tsakinta da ƙwari suke rayuwa, musamman tsutsotsi masu laushi. Maganin ciyawa ya kashe ciyayin da ƙwarin ke ci, tsaki ya mutu da yunwa a tsakiyar alkama kore shar. Amma Potts bai wanke mafarauta ba. Ya kwatanta rayuwar makwarwa da kujera mai ƙafa uku: wurin sheƙa, abincin tsaki, da sauƙin farmaki. Daga 1984 zuwa 1990 aka gwada ƙafa ta uku a yankin Salisbury Plain na kudancin Ingila. Fili biyu, a ɗaya ana rage yanyawa da hankaki lokacin kwanci, bayan shekara uku aka musanya. Inda aka rage, makwarwar kaka ta ninka sau 3.5, masu hayayyafa a bazara sau 2.6. Uwar makwarwa na kwanci fiye da mako uku a kan ƙwai wajen 15, kuma yanyawa ba ƙwan kaɗai take ci ba, har uwar take ɗaukewa. Wannan ba rara ba ce. Bitar bincike masu yawa da aka yi a 2018 ta tsaya a nan: illar ta fi tabbata a kan makwarwa da danginta da tsuntsayen fadama masu dogayen ƙafafu.

Ɓangaren da ya kamata a fi nanatawa shi ne mafarauta ma cin juna suke. A 1999 Kevin Crooks da Michael Soulé sun nuna cewa a guntayen dazuzzukan San Diego, inda dilar Amurka mai suna koyoti take, nau'o'in tsuntsaye sun fi yawa, domin tana korar kyanwa da ƙananan yanyawa. A yankin noma na arewacin Amurka, sheƙar agwagwa ta tsira da kashi 32 cikin 100 inda koyoti ke mulki, kashi 17 inda jar yanyawa ce. A gonakin yammacin Finland kuma, wani tsuntsun fadama mai dogon baki da ya yi sheƙa kusa da ƙaramin shaho mai cin ɓera ya fi tsira da ƙwansa, don shahon na fatattakar hankaki. A kashe babba, ƙanana su samu sarari, kuma su ne gwanayen fasa ƙwai.

Yadda aka sauya gona shi ke ƙara wa farmaki kaifi. Idan aka tumɓuke shinge aka bar siririn layin ciyawa mita ɗaya, duk sheƙa a nan za ta taru, yanyawa ta bi layin da hanci cikin dare guda. Alkamar da aka shuka da kaka takan yi duhu da wuri, sai tsuntsu ya koma yin sheƙa a gefen sawun tarakta, hanyar da yanyawa ke bi. Shi ya sa filayen da ake bari ba shuka domin tsuntsaye, mita 4 sau 4, biyu a kowace hekta, ake kauce wa sawun tarakta da su, a kuma nesanta su da bakin gona da kamar mita 50. Potts da abokan aikinsa kuma suka kawo barin mita 6 na bakin hatsi ba feshi, don tsaki ya samu ƙwari.

Kafin a ɗau bindiga ko tarko, sai an san mai ɓarnar. Ana sa ƙaramar na'urar auna zafi a cikin sheƙa: idan ta huce da dare, mai ƙafa huɗu ne, da rana, sau da yawa tsuntsu ne. Binciken sheƙar tsuntsayen fadama a Birtaniya da Holan ya nuna dare ya fi yawa, alhali hankaka da ake gani ido da ido shi ke shan zagi. A tsibiran Uist na Sukotland ma bushiya ce, wadda aka kai can a 1974. Ga yanyawa, shingen lantarki na aiki, muddin ana yanke ciyawar ƙarƙashinsa, don da ta taɓa waya wutar ta zurare ƙasa. Kejin da ake kifawa a kan sheƙa yana ƙara ƙyanƙyasa, amma a wasu nau'o'in uwa ba ta iya tashi da sauri daga ciki, sai a tsirar da ƙwai huɗu a rasa wadda za ta yi shekaru tana haihuwa.