Gaslight (fim na 1944)

Gaslight fim ne na Amurka da kamfanin MGM ya fitar a 1944, George Cukor ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga wasan dandamali na marubucin Ingila Patrick Hamilton, wanda aka fara nunawa a Landan a 1938. Ingrid Bergman da Charles Boyer ne suka fito a matsayin mata da miji.

Labari

Paula ta auri Gregory Anton, makaɗin fiyano, a Italiya. Ya lallashe ta suka koma gidan Landan inda aka kashe Alice Alquist, shahararriyar mawaƙiyar da ta riƙe ta tun tana ƙarama. Can ya fara juya mata tunani a hankali: ya ɓoye abin adon da ya ba ta ya ce ita ta ɓatar, ya cire hoto daga bango ya ɗora mata laifi, ya hana ta baƙi da fita. Da dare takan ji taku a saman rufi, hasken fitilun gas ya dusashe, amma aka nuna mata cewa zuciyarta ce ke raya mata. Ashe shi ne ke hawa ɗakin sama a ɓoye yana neman lu'ulu'un Alice, kuma shi ya kashe ta. Jami'in ƴan sandan Landan (Scotland Yard) Brian Cameron, wanda Joseph Cotten ya taka, ya tabbatar mata da cewa lafiyarta ƙalau. Ƙarfin fim ɗin yana nan: mijin bai dogara da duka ba, da tattausar murya ya kusa haukata ta.

Fim ɗin 1940

Thorold Dickinson ya riga ya yi fim ɗin a Birtaniya a 1940, da Anton Walbrook da Diana Wynyard. An ruwaito cewa MGM, bayan sayen haƙƙin labarin, ya nemi a lalata kwafin wancan fim, amma ya tsira. Wasu masu sharhi sun fi son sa, suna ganin ya fi tsauri.

Karɓuwa

An zaɓi fim ɗin a rukunoni 7 na kyautar Oscar, ya ci 2: Bergman ta zama gwarzuwar jaruma, sai kyautar tsara dandali. Angela Lansbury, da ta fito a matsayin ƴar aiki Nancy a fim ɗinta na farko, ta shiga takara ita ma. A 2019 Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya saka shi cikin fina-finan da ake adanawa. Daga wasan da fina-finansa ne aka samo kalmar Turanci "gaslighting", da ake kiran irin wannan cutarwa ta juya wa mutum tunani da ita.